Bimaristan: Yadda Sarakunan Musulunci Suka Riƙe Masu Taɓin Hankali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, har yanzu akwai masu ganin asibitin masu taɓin hankali baƙon abu ne da Nasara suka zo da shi, saboda haka sai su ɗaure ɗan'uwansu a ƙuryar ɗaki don gudun kunya. Tarihinmu bai goyi bayansu ba.

Ɗalibai sun san cewa a fiƙihu an ɗauke alƙalami daga majnuni har hankalinsa ya dawo, kuma malamai sun bambanta shi da ma'atuhu, wato mai raunin fahimta wanda ba ya duka ba ya zagi. Dukkansu ana sa musu waliyyi ya tsare dukiyarsu. To, wanda ba shi da waliyyi fa? Sarki ne waliyyinsa. Shi ya sa ba a mamakin ganin sarakuna suna gina bimaristan, kalmar Farisanci mai nufin wurin marasa lafiya.

Wajen shekara ta 259 bayan Hijira, wato 872 Miladiyya, Ahmad ibn Ɗulun mai mulkin Masar ya gina asibiti a Fusɗaɗ, ya yi masa waƙafin kasuwanni. Al-Maƙrizi ya ce in an kawo majinyaci sai a karɓi tufafinsa da kuɗinsa a ajiye amana, a ba shi na asibiti, kuma ba a sallamarsa sai ya iya cin kaza da gurasa. Sarkin da kansa yakan je kowace Juma'a ya duba ma'ajiyar magani da likitoci da majinyata, har da masu taɓin hankalin da ke tsare.

Wata rana ɗayansu ya ce masa shi fa lafiyarsa lau, makirci aka ƙulla masa, kuma yana sha'awar rumman. Sarki ya sa aka kawo masa. Mutumin ya yi ta juya shi a hannu yana murna, da ya ga sarki ya shagala sai ya jefe shi da shi a ƙirji, ruwan ya ɓata masa riga. Daga ranar Ibn Ɗulun bai sake zuwa ba. Ni kam a nan ina ganin sarki ya gaza. Wanda Allah ya ɗauke wa alƙalami, ina dalilin fushi da shi, har fushin ya shafi sauran majinyata?

Ibn Jubairu ya shiga Alƙahira a 1183, ya ga asibitin Salahuddini da ɗakuna masu tagogin ƙarfe, da ma'aikata masu duba halin majinyata kullum. A Dimashƙa, inda asibitin Nuruddini yake, ya tarar ana yi musu magani amma suna cikin sarƙa. Kada mu ɓoye wannan, sarƙa da sanda duk an yi amfani da su. Sarki Ƙalawun kuma ya gina nasa a Alƙahira a 1284, ya buɗe shi ga mai kuɗi da talaka, namiji da mace.

Labarin Fas ya fi taɓa ni. Al-Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, shi ne ya ambaci Agadas da Gobir da Katsina da Kano a littafin da ya kammala a 1526. Yana saurayi ya yi shekara biyu yana aikin magatakarda a asibitin Fas. Ya ce da can asibitocin garin suna da wadata, sai yaƙi ya taso, sarki ya buƙaci kuɗi, aka sayar da kadarorin waƙafinsu. A zamaninsa ginin yana nan tsaye, amma babu likita babu magani. Abinci da makwanci kawai majinyaci ke samu, masu taɓin hankali kuwa suna ɗaure da sarƙa, masu gadi na riƙe da sanduna suna gargaɗin baƙo kada ya matsa kusa da su.

Wallahu a'alamu.