Bin Diddigin Asali a Zangunan Accra

Neman asali a Nima, Mamobi, Sabon Zango da sauran zangunan Accra ya samo tushe ne daga fataucin goro. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke tashi daga Kano, Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, ƙarƙashin madugu, su sauka a kasuwar Salaga da kanwa, tufafi da fatu, su juya da goro. Wasu ba su juya ba. Bayan Ingilishi sun ci Asante a 1874, hanyar bakin teku ta buɗe, Accra ta zama babban birni a 1877, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete Krachi, Kumasi da kudu. Malam Na'ino, Bakatsine, ya kafa zango a cikin tsohon garin Accra. Ɗansa Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Nima ta zo daga baya, a farkon shekarun 1930, a hannun Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu. Yawancin waɗanda ke neman danginsu a yau jikoki ne da tattaɓa-kunnen mutanen da suka sauka a waɗannan wurare.

A zamanin farko ba a bukatar wani bincike, domin zumuncin bai yanke ba. Kowane baƙo yana da mai masauki, kuma mai masaukin ya san garin baƙonsa, unguwarsa da gidan ubansa. Wasiƙun ajami suna tafiya a jakar fatake, ana aika yara karatu Kano ko Zariya, ana ɗauko amarya daga gida. Tarihin Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya nuna yadda abin yake: mahaifiyarsa ta koma Accra da zama, shi ma ya je can, ya yi safarar goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko kafin ya kafu a Kano. Gidaje da yawa na Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari haka suke, ƙafa ɗaya a Arewa, ɗaya a Kurmi.

Abin da ya rage daga wancan zamani shi ne kayan aikin mai bincike. Na farko suna: garin da aka laƙaba wa kaka, a ce wane Kano, wane Gobir, ko nasabar da malami ya rubuta a ƙarshen littafinsa. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a 1934, rubuce-rubucensa suna ɗauke da nasabar da ke komawa Kabi da Kano. Na biyu tsaga, wadda tsofaffin wanzamai ke iya karantawa a tsohon hoto su bambanta Bagobiri da Bakabe. Na uku maroƙa, masu jero sunayen iyaye a wurin suna da biki, ko da yake maroƙi yakan ƙara gishiri gwargwadon kyautar da yake hange. Na huɗu, kuma mafi amfani, tsofaffin mata. Maza sukan riƙe sunan gari kawai. Goggo da inna su ne ke tuna wa ya auri wa, wace ce aka kai riƙo, wane ne ya tafi bai dawo ba.

Babban abin da ya yanke wannan zare shi ne dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, a watan Nuwamba na 1969, wadda ta ba marasa takardar zama mako biyu su bar Ghana. An raba gidaje, an sayar da dukiya a wulaƙance, aka loda mutanen da aka haifa a Accra zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Waɗanda suka saura sun koyi yin shiru. Ambaton Kano ko Maraɗi ya zama abin tsoro, wasu suka sake suna, wasu suka ɓoye takardu, yaran da suka taso a lokacin kuma ba a gaya musu komai ba. A 1983 Najeriya ta yi nata korar a zamanin Shagari, kusan mutum miliyan ɗaya suka koma Ghana. Har yanzu tsoron bai gushe duka ba: duk lokacin rajistar zaɓe ko karɓar katin ɗan ƙasa, akwai ɗan zango da za a tambaye shi garinsu na asali, alhali kakansa a Accra aka binne shi. Saboda haka dattijo kan yi nauyin baki idan jika ya fara tambaya, kuma mai binciken da bai gane dalilin ba yakan ɗauka mantuwa ce.

Rubutattun shaidu kaɗan ne, kuma a warwatse.   Abin da ɗan zango yake da shi su ne fayilolin mulkin mallaka a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Accra, Kumasi da Tamale, inda rigingimun sarauta, limanci da filaye suka sa aka rubuta sunaye. Da tarin littattafan Larabci da ajami da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon ta tattara a shekarun 1960, aikin da Alhaji Usmanu Boyo ya yi wa hidima tare da Ivor Wilks. Littafin Paul Lovejoy kan fataucin goro, na 1980, da na Deborah Pellow kan Sabon Zango, na 2002, suna taimakawa wajen gane gidaje da hanyoyi. A Najeriya akwai ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da Gidan Arewa.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗa ba. Turawa sun kira duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe, musamman a rundunar da wani Bature mai suna Glover ya tara da 'yan sandan da suka gaje ta, alhali a ciki akwai Zabarmawa, Barebari, Gurunsi, da bayin da suka tsere. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. Wani yakan fita neman gidan malamai a Katsina ya tarar da labarin da ba shi ya je nema ba, kuma masu hankali a cikin dattawa sukan yi wa matashi wannan gargaɗi tun kafin ya ɗaura niyya.

A yau aikin ya koma waya. Ana ɗaukar muryar tsofaffi, a tura hoton kaka a WhatsApp da Facebook, a bi ta 'yan goro, direbobin manyan motoci da zawiyoyin Tijjaniyya, waɗanda alaƙarsu da Kano ba ta taɓa yankewa ba. Gwajin ƙwayoyin halitta na asali bai cika amfani a nan ba, don yakan nuna yanki ne kawai, ba unguwa ba. Masu tafiya sukan nemi wasiƙa daga sarkin zango ko limami, su bi ta Aflao, Lome, Kwatano da Ikko, su isa Arewa su fara da mai unguwa ko dagaci, ba da ƙwanƙwasa ƙofar gida kai tsaye ba. Akan aika saƙo tun da wuri cewa zumunci aka zo yi, domin baƙon da ya ɓullo bayan shekara tamanin yana ambaton sunan kaka, abin da masu gida ke fara zato shi ne maganar gado. Idan sunaye uku a jere suka dace da abin da tsofaffin gidan suka sani, galibi akan karɓe shi, a zaga da shi gidajen dangi, a kai shi maƙabarta ziyara.