ME YA SA WASU BA SU YANKAR KATIN JAM'IYYA?

Jama'a, duk lokacin da zaɓe ya matso sai ka ji ana zargin wanda ba ya da jam'iyya da cewa ɗan ba-ruwana ne, ko munafuki mai jiran ya ga inda ta faɗi. Ni ban yarda ba. Mu ma'aikata dai ƙa'idar aiki ta ce mu nisanci siyasar jam'iyya, amma a majalisarmu ta Sama Road akwai 'yan kasuwa da dattawa masu katin zaɓe, ba su fashin jefa ƙuri'a, kuma babu mai katin jam'iyya a cikinsu. Tarihi ne ya koya musu haka.

Dattijon da ya bi NPC ta Sardauna ko NEPU ta Malam Aminu Kano ya ga soja sun rushe su a 1966. Wanda ya rungumi NPN a 1979, lokacin Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, ya wayi gari ranar 31 ga Disamba 1983 babu ita. A 1989 Babangida ya ƙirƙiro SDP da NRC da kansa, har ya gina musu ofisoshi, Abacha ya share su a 1993. Jam'iyyu biyar na zamanin Abacha kuwa, duk shi suka tsayar a 1998. To wace za ka riƙe?

Daga 1999 soja sun bar mu, sai shugabanni suka kama ƙaura. Bafarawa ya ci gwamna a APP, ya koma DPP. Wamakko ya bar ANPP ya ci a PDP a 2007, ya shiga APC a 2013. Tambuwal ya ci a APC a 2015, ya koma PDP a 2018. Talaka ya ɓata da maƙwabcinsa saboda tuta, wani har da surukinsa, washegari ya ga manyan sun haɗu suna dariya. Shi ya sa da yawa suka bar "sak" suka koma "cancanta".

Kuma kada a raina su. A 2019 ƙuri'a 342 kacal ta raba Tambuwal da Ahmed Aliyu. A irin wanga zaɓe, marasa jam'iyya na unguwa guda sun isa su juya sakamako.

Sai dai akwai asara, gaskiya ɗaya ce. Tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole jam'iyya ta tsayar da kai. Wato wanda ba ya ciki ba ya da baki a zaɓen fid da gwani, abin da 'yan jam'iyya suka dafa shi zai ci.

Ku da kuke waje, me zai sa ku yanki kati? Ku da kuke ciki, an taɓa jin ta bakinku kafin a sauya sheƙa?

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, amin.