Tsara da Takarda: Tarihin Raba 'Yan Mata Rukuni-Rukuni a Fagen Wasa

Duk wanda ya taɓa halartar gasar wasannin gidaje a wata makarantar 'yan mata a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san gardamar da kan tashi kafin a busa usur na tseren mita ɗari. Wata malama za ta nuna doguwar yarinya da aka jera cikin ƙanana ta ce, "Wannan ai ba tsararsu ba ce." Malamar gidan yarinyar kuwa ta rantse cewa 'yar aji biyu ce. Mai yiwuwa ne dukansu biyu suna kan gaskiya, domin aji daban, shekaru daban, girman jiki kuma daban. Wannan gardama tana da tarihi mai tsawo, kuma sanin tarihin zai taimaki iyaye da malamai su amsa tambayar da ke gabansu: a wane rukuni ya dace a sa yarinya, kuma da su wa ya kamata ta kara?

Kafin zuwan takarda

Bahaushe bai jira Bature ba kafin ya san raba yara a wasa. Kalmar da ya yi amfani da ita ita ce tsara, ko sa'a. A dandali, 'yan matan da ke gaɗa ba sa cakuɗa da ƙannensu masu carafke da 'yar gala-gala, kuma ba wanda ya taɓa neman shaidar haihuwa kafin a san wurin kowa. Gari ne shaida. An san matan da suka yi wankan jego a damina ɗaya, an san yaran da aka yaye tare, an san waɗanda aka kai makarantar allo lokaci guda. Ko a fagen dambe da kokawa, inda ba a san awon nauyi ba a da, ido da sanayya ne ke haɗa mutum da daidai shi, kuma wanda ya ga an fi ƙarfinsa yana da damar ƙin karɓar ƙalubale.

Wannan tsari yana aiki ne muddin kowa ya san uwar kowa. Ranar da 'yar Bakura za ta kara da 'yar Gusau ko 'yar Zariya, shaidar gari ta ƙare, dole a nemo abin da zai maye gurbinta. Abin da duniya ta samo shi ne ranar haihuwa a rubuce.

Darasi daga wasan sofbol

Wurin da aka fi tsefe wannan al'amari ga 'yan mata shi ne Amurka, a wasan da suke kira sofbol. Ƙanin besbol ne: ɗaya ta jefo ƙwallo ta ƙasan kafaɗa, ɗaya ta doke shi da kulki ta ruga ta zagaya tashoshi huɗu kafin a kamo shi. An fara shi a birnin Chicago a 1887, aka kafa masa ƙungiya ta ƙasa a 1933, ya kuma shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996.

Yadda ya zama wasan ƙananan 'yan mata kuwa ya samo asali ne daga wata shari'a. A 1972, wata yarinya mai shekara 12, Maria Pepe, ta buga wasa uku a ƙungiyar besbol ta yara maza a garin Hoboken na jihar New Jersey, sai hukumar Little League, mai kula da wasan yara, ta sa aka cire ta. Masu kare haƙƙin mata suka kai ƙara suka yi nasara, kuma a 1974 hukumar ta buɗe ƙofa ga 'yan mata, ta kuma ƙirƙiro sashen sofbol. Sai dai kafin a kammala shari'ar Maria ta wuce shekarun rukunin, ba ta ci moriyar hukuncin da aka yanke saboda ita ba. Iyakar shekaru ba ta jiran kowa.

Tsarin da ya kafu daga baya yana da ginshiƙai biyu, kuma rabuwarsu ita ce babban abin lura. Na farko shi ne rukunin shekaru, tazarar shekara bibbiyu: 'yan ƙasa da 8, da 10, da 12, da 14, da 16, da 18. Kayan wasan ma suna girma tare da yarinya. 'Yan rukunin 10 kan yi wasa da ƙwallo mai kewayen inci 11, a jefo shi daga nisan ƙafa 35. A rukunin 12 ƙwallon ya koma inci 12, nisan ƙafa 40. Daga rukunin 14 zuwa sama nisan ya kai ƙafa 43. Na biyu shi ne matakin gasa a cikin kowane rukuni: akwai wasan unguwa da ake yi don koyo da nishaɗi, akwai kuma ƙungiyoyin da ke yawon gasa, su ma an kasa su mataki A da B da C gwargwadon ƙwarewa. An yarda yarinya ta haura ta buga da waɗanda suka girme ta, amma ba a yarda ta sauko cikin ƙannenta ba.

Ma'anar wannan ita ce tambayoyi biyu ne ake yi, ba ɗaya ba. "Shekarunta nawa?" tambaya ce ta gaskiya ko ƙarya, takarda ke amsa ta. "Wane mataki ya dace da ita?" tambaya ce ta hangen nesa, iyaye da mai horarwa ke amsa ta. Ko a can ɗin, ginshiƙi na farko ya sha girgiza: a 1992 an ƙwace kofin duniya na Little League daga hannun ƙungiyar Zamboanga ta ƙasar Filifin saboda saka yaran da ba su cancanta ba, a 2001 kuma aka gano cewa Danny Almonte, tauraron ƙungiyar Bronx, shekararsa 14, ba 12 ba.

Abin da ya faru a gida

A Najeriya sofbol bai yi jijiya a Arewa ba, amma matsalar rukunin shekaru mun san ta sarai ta hanyar ƙwallon ƙafa. A 1985 Najeriya ta lashe gasar duniya ta farko ta 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin, ta doke Jamus ta Yamma da ci biyu da nema. Shekara huɗu bayan haka, a 1989, hukumar FIFA ta dakatar da ƙasar daga gasannin matasa na shekara biyu, bayan ta gano cewa ranakun haihuwar 'yan wasa uku da aka gabatar a Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya. Damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991 ma ta suɓuce, ta koma Fotugal.

Tun da takarda ta gaza, sai aka koma ga ƙashi. A gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda aka buga a biranen Najeriya ciki har da Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta shigo da na'urar MRI don duba wuyan hannu. Hikimar ita ce akwai guringuntsi a ƙarshen ƙashin hannu wanda ke haɗewa idan girma ya kammala. Idan ya haɗe gaba ɗaya, da wuya a ce yaron bai wuce 17 ba. A watan Agustan 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji daf da karawa da Nijar, Nijar kuwa ta fitar da su daga gasar, alhali su ne ke riƙe da kofin duniya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sai dai wannan na'ura ba ta warware matsalar 'ya mace ba. Ƙashin 'yan mata yana riga na maza haɗewa, kamar yadda suke riga su tsawo da balaga da kimanin shekara biyu. Binciken da likitocin wasanni suka wallafa a 2016 ya nuna cewa gwajin wuyan hannu bai dace da tantance 'yan mata a gasar 'yan ƙasa da 17 ba, domin zai kori yarinya mai gaskiya. Saboda haka a gasar mata, wadda FIFA ta fara a wannan rukuni a 2008 kuma Najeriya ta zo ta uku a cikinta a Indiya a 2022, abin dogaro ya koma kan takarda da amana. Takardar kuwa ba kowa ke da ita ba. Dokar wajabta rajistar haihuwa ta kasance tun 1992, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Abin da ke cike gurbin shi ne takardar rantsuwa a kotu, wadda kowa ya san ana iya rubuta mata shekarar da aka ga dama.

Yankinmu da nasa ƙarin nauyi

A yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun, malamai sun daɗe suna ɗaukar aji a matsayin ma'aunin shekaru: ƙaramar sakandare rukunin ƙanana, babbar sakandare rukunin manya. Wannan ma'auni dama yana da rauni, domin ana sa 'yan mata da yawa makaranta a makare. Rashin tsaro ya ƙara karya shi. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka sace ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, gwamnatin jiha kuma ta rufe makarantu. Wasu yaran sun yi asarar zango, wasu shekara, wasu iyayensu sun yi hijira sun sake farawa a wani gari. Yau ba abin mamaki ba ne a tarar da mai shekara 12 da mai 16 a benci ɗaya. Idan aka jera su a layin tsere ɗaya da sunan aji, an zalunci ƙaramar. Idan aka kori babbar don tsawonta kawai ba tare da bincike ba, ita ma ana iya zaluntar ta.

Abin yana da nauyi domin lokacin wasan 'ya mace a wurinmu gajere ne. Da yawa suna barin fili da zarar sun balaga, wasu kuma aure ke ɗauke su. Gasar matasa ta ƙasa, wadda aka fara a Abuja a 2013, yanzu ta 'yan ƙasa da shekara 15 ce. Duk gurbin da aka bai wa mai shekara 18 da takardar ƙarya, an ƙwace shi ne daga hannun mai 13 wadda wataƙila ba za ta sake samun wata damar ba. Ita ma wadda aka rage wa shekaru ba ta tsira ba: tana cin ƙanana da ƙarfin jiki, ba ta koyi dabara ba, ranar da ta haɗu da tsararta na gaskiya sai ta rasa abin yi.

Abin da tarihin ke koyarwa

Na farko, shekaru ba abin zaɓi ba ne. Uba ko uwa da ke son 'yarsu ta yi nisa a wasa su fara da ofishin hukumar ƙidaya, su karɓi shaidar haihuwa tun tana ƙarama, kafin wata gasa ta ba su dalilin sauya lamba. Inda babu takarda, makaranta za ta iya haɗa katin rigakafi da rajistar shiga firamare da shaidar mai unguwa, wato ta dawo da tsohuwar shaidar gari ta rubuta ta sau ɗaya, kada a sake taɓa ta.

Na biyu, ko a cikin rukuni ɗaya akwai rata. Tun a 1985 masanin halayyar ɗan Adam Roger Barnsley da abokan aikinsa suka lura cewa 'yan wasan ƙanƙara na Kanada da aka haifa a farkon shekara sun fi yawa a manyan ƙungiyoyi, saboda 'yan watannin da suka ba sa'o'insu tun suna yara aka ɗauka baiwa ce. A rukunin shekara biyu ratar kan kusa wata ashirin da huɗu, kuma tana faɗowa daidai lokacin da jikin 'ya mace ke sauyawa. Yarinyar da ta zo ta biyar bana tana iya zama ƙaramar rukuni ce kawai. Kada a yanke mata hukunci kafin baɗi.

Na uku, mataki shi ne inda zaɓi yake. Matakin da ya dace shi ne wanda yarinya za ta shiga fili sosai, ta ci wani lokaci, a ci ta wani lokaci. Idan kullum ita ke lashewa ba tare da gumi ba, lokaci ya yi da za ta haura, in dai jikinta da hankalinta za su ɗauki zama da manya. Idan kuwa haurawar za ta mayar da ita 'yar zaman benci, gara ta tsaya inda take ta ƙara shekara. Son a ce "'yata tana buga wa jiha" kan sa iyaye gaggawa, alhali yarinya ba ta ƙwarewa da kallo.

Malaman nan biyu da ke gardama a bakin layin tsere ba za su daidaita ranar gasa ba, domin a ranar kowace tana kare gidanta ne. Wurin daidaitawa shi ne ofishin shugabar makaranta a farkon zango, inda za a rubuta shekarun kowace yarinya da hujjarsu, a liƙa jerin a allo kowa ya gani, sannan a zauna a tattauna wadda ta isa haurawa.