Manhajojin RSS masu buɗaɗɗen tushe: karanta labarai ba tare da ɗan tsakani ba

RSS tsari ne da shafukan intanet ke amfani da shi wajen fitar da jerin sababbin labaransu a fayil guda. Kamfanin Netscape ne ya fara fito da shi a 1999, kuma Aaron Swartz yana ɗan shekara 14 ya shiga cikin waɗanda suka tsara RSS 1.0 a shekarar 2000. Aikin manhajar RSS shi ne ta zagaya shafukan da mai karatu ya zaɓa, ta tattaro masa abin da suka wallafa, sabo a sama, tsoho a ƙasa. A Facebook ko X kuwa, lissafin kamfani ne ke zaɓar labarin da za a fara gani da wanda za a binne.

Google Reader, wadda aka ƙaddamar a 2005, ta daɗe tana jan ragamar wannan fage, har Google ya rufe ta ranar 1 ga Yuli, 2013. Masu amfani da ita sun yi ta koke, amma a banza, domin mai abu ya ɗauke abinsa. Rufewar ce ta ƙara wa manhajoji masu buɗaɗɗen tushe daraja, wato waɗanda rubutun da aka gina su da shi yake a fili, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya ci gaba da raya su ko da maginin farko ya janye. FreshRSS da Miniflux da Tiny Tiny RSS ana ɗora su ne a kan uwar garke ta mutum ko ta ƙungiya, abin da ke buƙatar ɗan ilimin kwamfuta. Feeder a wayar Android da NetNewsWire a iPhone saukewa kawai ake yi.

Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, shafukan jaridu suna nan a buɗe, hanyar da mutane suka saba bi zuwa gare su ce aka toshe. RSS ba ya bi ta wannan hanya. Sai dai kada a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba: idan aka toshe shafin jaridar kansa, ko aka katse layukan sadarwa kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021, manhajar ba za ta kawo sabon labari ba.

Yawancin shafukan da aka gina da WordPress suna da RSS; a ƙara /feed a ƙarshen adireshinsu. Wanda ya so sauya manhaja kuma yana iya kwashe jerin shafukansa a fayil na OPML ya tafi da shi.