Akwatin Mahaifina: Tarihin Safana da Mota a Ƙasar Zazzau

A ƙarƙashin gadon mahaifina, Allah ya jiƙansa, a gidanmu na Dutsen Abba, akwai wani shuɗin akwatin ƙarfe da muka tashi muka tarar. Abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba: safanu guda shida, filaya, sukuddireba biyu, safanar fulogi, guduma, da guntun sanfefa a naɗe cikin tsumma. Da waɗannan ya riƙe Fijo 504 ɗinsa shekara da shekaru, ba ya zuwa wurin kanikawan Tudun Wada sai in aikin ya kai ga sauke inji. Da akwatin ya faɗo cikin rabona na gado, na buɗe bonet ɗin tawa motar da nufin bin sawunsa, sai na ga ban da kan batir babu abin da zan iya kwancewa. Tun daga ranar nake tambayar kaina: yaya aka yi mai mota ya zama baƙo a gaban motarsa? Amsar tana cikin tarihin shekara ɗari da 'yan kai.

Kafin zuwan mota, ƙarfe a ƙasar Zazzau a hannun maƙera yake. Maƙeri na da uwar maƙera da masaɓa da awartaki da zugazugi, kuma yawancin kayan nan shi yake ƙera abinsa. Manomin da garmarsa ta karye ya san inda zai nufa, ya kuma san abin da za a yi mata, domin a gabansa aka ƙera ta. Babu wani sirri tsakanin mai kaya da kayansa. Wannan gado ne ya sauƙaƙa wa Bahaushe karɓar inji da ya zo.

Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, daga baya aka ja wani zuwa Jos, wani kuma zuwa Ƙauran Namoda. Garin ya zama mahaɗa, Sabon Gari da Tudun Wada suka bunƙasa a wajen ganuwa. A ma'aikatar jirgin ƙasa da masana'antar gurzar auduga aka fara ganin masu sana'ar ɗaure noti da kwance shi. Da manyan motoci suka fara jigilar gyaɗa da auduga zuwa tasha, sai direba ya zama rabin bakanike, saboda in mota ta mutu a dokar daji, babu mai ceto sai shi da yaron motarsa. Yawancin motocin wancan zamani na Ingila ne, irin su Bedford da Austin da Land Rover, kuma da inci ake auna notinsu. Tsohon ma'aunin Ingila, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, yana da wani abin ruɗani: lambar da ke jikin safana kaurin ƙusar take nufi, ba faɗin kanta ba. Saboda haka bakanike ya dogara da ido da sabo fiye da karatun lamba. Abin da babu a kasuwa kuwa, maƙera ake kai wa. Karyayyen sifirin mota yakan koma kurfi ko ƙarfen ɓanɓare taya, har yau kuma ana yin haka.

Sauyi na biyu ya zo a shekarun 1970. A watan Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, abin da ya rage kasuwar motocin da aka ƙera domin titunan Ingila. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. An kafa wasu masana'antun manyan motoci a Kano da Bauci da Inugu da Badun. Milimita ta ture inci, yaran gareji suka haddace sabon karatu: miƙo goma, miƙo sha uku, miƙo sha bakwai.

A nan ne zamanin akwatin mahaifina, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, amma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa ta har zuwa farkon wannan ƙarni, shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Gwamnati ita take saya, 'yan tasi ita suke ja, malamin makaranta ita yake mafarki. Da yake mota iri ɗaya ce ta cika titi, ilmin gyaranta ya zama na kowa, kayan gyaranta kuma suna ko'ina. Injinta a fili yake. Mai yana zuwa ta kafireta, wuta tana zuwa ta kwantak da fulogi, kuma duk abin da ya tsayar da ita, galibi ɗaya ne daga cikin biyun nan. In ta ƙi tashi da asuba, mahaifina yakan zare wayar fulogi ya kusantar da ita jikin inji, ya ce in murza makulli. In tartsatsi ya fito, matsalar ta mai ce, sai a kwance kafireta a busa. In bai fito ba, sai a goge kwantak da sanfefa. Kunnensa shi ne ma'auninsa, hancinsa kuma yana rarrabe ƙaurin kuloci da na birki.

Abin da ya rushe wannan tsari tattalin arziki ne. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki shirin SAP, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Masana'antun cikin gida suka yi rauni, tsofaffin motocin Turai, waɗanda muke kira Beljiyam, suka kwararo ta Legas da Kwatano. Daga baya na Amurka suka biyo. Titi ya cika da Honda da Toyota da Golf da Marsandi, kowace da irin ƙusarta da irin halinta. Ilmin da a da yake dunƙule ya tarwatse, kanikawa suka rarrabu: wannan na motocin Japan, wancan na Jamus.

Su kansu motocin sun sake hali. Dokokin rage hayaƙi a ƙasashen da ke ƙera su sun kori kafireta, injekta ta maye gurbinta, ƙaramar kwamfuta da muke kira ƙwaƙwalwar mota ta karɓi aikin auna mai da iska. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci wata mahaɗa mai rami 16, wadda ake kira OBD-II, inda ake jona na'ura ta karanta ciwon mota. Turai ta bi sahu a motocin fetur a 2001. Ƙusoshi masu kan tauraro, wato Torx, da aka ƙirƙiro a 1967, suka mamaye jikin inji, sukuddireban mahaifina ba ya kama su. Kan inji na alminiyam yana buƙatar safana mai auna ƙarfin ɗauri, domin in an zarce sai zaren ƙusa ya zube. A wasu injina, sauya bel ɗin taimin sai da ƙarafan da ke kulle injin a mazauninsa, in kuwa aka kuskure, fistan zai daki bawul, a yi asarar inji sukutum.

Rashin waɗannan kaya yana da tsada, mu kuma muke biya. Inda babu na'ura sai a koma canki-canka: a sauya fulogi, a sauya famfon mai, a sauya koyil, har a dace ko aljihu ya ƙare. An saba cire abin daidaita zafin inji a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a fasa matatar hayaƙin da ake yi wa laƙabi da indomi. Motar za ta tashi, amma za ta sha mai, hayaƙinta kuma a huhun 'ya'yanmu yake sauka. Na taɓa kai tawa wani gareji saboda kakkarwa, aka sauya abu uku a banza. Daga ƙarshe wani yaro mai na'ura ya gano cikin minti biyar cewa wayar sansa ɗaya ce ta tsinke. Ban ga laifin tsohon bakaniken ba. Hannunsa na da albarka, zamani ne ya sauya masa harshe ba tare da ya ba shi tafinta ba.

Wannan damuwa ba tamu kaɗai ba ce. A jihar Massachusetts ta Amurka an kafa doka a 2012 da ta tilasta wa kamfanoni buɗe bayanan gyara ga masu motoci da ƙananan gareji. Mu da ba mu ƙera motar ba, abin da ke hannunmu shi ne koyo da haɗa ƙarfi. Zariya ba ta rasa inda za a koya: ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga Cibiyar Fasahar Sufuri da aka kafa a 1986. Abin da ya rage shi ne ilmin ya fito daga aji ya isa gindin bishiyar da bakanike ke kwance ƙarƙashin mota, cikin Hausar da yake ji. Kayan da mutum ɗaya ba zai iya saya ba, ƙungiyar kanikawa ko masu motocin unguwa za su iya mallakarsu a karo-karo, kamar yadda manoma ke gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwatin yana nan a wurina. Na ƙara masa jerin makullan Torx da wata 'yar na'ura da ke aika saƙo zuwa wayata. Ranar Asabar da ta wuce na kira ɗana muka sauya fulogi tare. Na nuna masa yadda ake fara ɗaura shi da hannu kafin a sa safana, kamar yadda kakansa ya nuna mini, sa'an nan shi kuma ya karanta mini abin da na'urar ta ce.