Yadda Aka Gano Enzayim Na Iya Farfaɗowa Bayan Zafi

A Kalgo da Gwandu, mata masu gumi kan jiƙa shanshera ta kwana, su turara ta har ƙaiƙayi ya fara tsagewa, sannan su baza a rana. Turirin nan yana karya lagon lifes, wani enzayim da ke cikin dusa, wanda ke ɓata man shinkafa har warinta ya canza. Enzayim furotin ne mai gaggauta ayyuka a jikin halitta, kuma ƙarfinsa yana cikin yadda ya naɗe kamar ƙullin zare. Zafi yana warware naɗin, aiki ya tsaya.

An daɗe ana ganin wannan lalacewa ba ta da gyara, tunda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. A 1931 masanin ƙasar Sin, Hsien Wu, ya bayyana cewa zafi warware furotin yake yi ba tare da ya tsinka shi ba. A waɗancan shekarun ne John Northrop da Moses Kunitz na Cibiyar Rockefeller a Amurka suka nuna cewa tirifsin, enzayim mai narkar da abinci a hanji, yana sumewa a ruwa mai tsami da aka dafa, ya dawo aiki in ruwan ya huce.

Masu sarrafa madara ma sun ci karo da abin. A 1935 masu bincike Kay da Graham suka fito da gwaji a Ingila: in enzayim fosfates ya daina aiki, madara ta sha wuta yadda ya kamata. A 1953 Wright da Tramer suka ga yana farfaɗowa bayan an ajiye madarar.

Christian Anfinsen ne ya fayyace dalili. Ya warware wani enzayim da yuriya, sinadarin da manoma suka sani a taki, da ya janye ta sai enzayim ya sake naɗe kansa, domin tsarin naɗin yana cikin jerin ƙwayoyinsa. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1972. Amma in zafi ya daɗe, furotin sai su cuɗe su dunƙule, kamar na ƙwai, komawa ta yi wuya.

Shi ya sa rabin dahuwa ba ya wadatarwa. Ya kamata ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo su zauna da masu gumi da masu kindirmo, su auna zafi da lokacin da kowane aiki ke buƙata.