Tarihin Kuskuren Mai Koyo a Gidan Gajimare

A ranar 6 ga Mayu, 1949, a jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila, wata na'ura mai suna EDSAC ta gudanar da lissafinta na farko bisa umarnin da aka ajiye mata a ciki, kuma masanan da suka ƙera ta ƙarƙashin jagorancin Maurice Wilkes suna iya zaton babbar wahala ta wuce, tun da yake ƙarfe ya yi biyayya, saura kawai a rubuta masa abin da ake so. Ba a jima ba Wilkes ya gane akasin haka. Ya hikaito daga baya cewa wata rana yana kan matakala, tsakanin ɗakin na'urar da wurin da ake huda tef na takarda, sai ta faɗo masa a rai cewa kaso mai yawa na sauran rayuwarsa zai ƙare ne wajen neman kurakuran da ya yi da hannunsa. Tun daga wannan zamani gyaran kuskure ya zama rabin sana'ar rubuta umarnin kwamfuta, ko ma fiye da rabi.

A shekarun farko kuskure yana da tsadar lokaci, domin mutum yakan miƙa daminsa na katunan da aka huda ga ma'aikacin na'ura, ya tafi gida ya yi haƙuri, washegari a ba shi takarda mai cewa ya manta da waƙafi guda. Wannan ƙunci ne ya sa a 1961, a makarantar MIT ta Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka nuna tsarin da mutane da yawa za su yi tarayya a kwamfuta ɗaya a lokaci ɗaya. Kuma a shekarar ce John McCarthy ya yi hasashen cewa wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta kamar yadda ake sayar da hidimar tarho. Sai dai tarayya ta zo da mas'alarta, wadda fakihai za su gane nan take: idan dukiya ta jama'a ce, wajibi ne a yanka wa kowa haddinsa, in ba haka ba israfin mutum ɗaya zai cuci saura.

Amma ba duka kamfanonin ciniki ne suka bi wannan tafarki ba. Manhajojin kasuwanci irin na SAP, wanda aka kafa a Jamus a 1972, da na Siebel, wanda ya biyo baya a 1993, saye ake yi a girka a na'urorin kamfani, a ɗauko ƙwararru su shafe watanni suna daidaita su da al'adar gidan. Idan wani ya rubuta ɓarna, gidansu kaɗai ta shafa. A 1999 Marc Benioff, wanda ya daɗe a kamfanin Oracle, tare da Parker Harris da wasu abokai biyu, suka kafa Salesforce a wani gida a birnin San Faransisko bisa wata ƙa'ida dabam, wato kada a sayar wa kowa manhaja, a bar ta a na'urorin kamfanin, mai buƙata ya biya haya ya shiga ta intanet ya ajiye bayanan abokan cinikinsa. Abin da ake kira gajimare ke nan. Misalinsa gidan haya ne mai ɗakuna dubbai: kowa da ɗakinsa da mabuɗinsa, amma rijiya ɗaya ce a tsakar gida.

'Yan haya kuwa ba su gamsu da ɗaki yadda suka same shi ba, domin kowane kamfani yana da nasa salon lissafin rangwame da bin bashi. Saboda haka a 2006 aka sanar da Apex, harshen umarni mai kama da Java, wanda zai bai wa baƙo damar rubuta nasa umarnin ya gudana a kan na'urorin da kowa ya dogara da su. Wannan ƙarfin hali ne haƙiƙa, kuma bai yiwu ba sai da aka gindaya sharuɗɗa masu tsanani: a cikin aiki guda na nan take, ba a yarda umarninka ya tambayi taskar bayanai fiye da sau 100 ba, ko ya rubuta a cikinta fiye da sau 150, ko ya ɗebo bayanai sama da 50,000, ko ya riƙe ƙwaƙwalwar na'ura fiye da daƙiƙa 10.

A nan ne mafi shaharar kuskuren almajirin wannan fanni ya samo asali, kuma ya cancanci a dube shi a tsanake. Ɗalibi yakan rubuta ɗan umarnin da ake ɗanawa, mai tashi da kansa duk sa'ad da aka ajiye sunan sabon abokin ciniki, ya ce masa: ga kowane suna, je ka taska ka tambayo kamfanin da yake aiki, ka kwafo adireshin. Ya gwada da suna ɗaya, abu ya yi kyau. Ya gwada da biyar, ya yi hamdala. Ran nan sai akawu ta loda sunaye dubu daga takardar lissafi, alhali tsarin yana miƙa su ne ƙungiya ƙungiya, 200 a kowace tafiya. Umarnin ya tambaya sau ɗaya, sau hamsin, sau 100, da ya ɗaga ƙafa zai yi ta gaba sai a tsayar da shi cak, a warware duk abin da ya riga ya yi a wannan aiki, a bar masa saƙo gajere mai lamba 101. Ɗalibin yakan duba rubutunsa ya rantse babu aibi a ciki, kuma ta fuskar nahawu gaskiyarsa ne. Aibin yana ga ɗabi'a, don ya yi rubutu kamar shi kaɗai ne a gidan. Maganin da malaman fannin suke koyarwa bai canja ba: a fara tattara lambobin kamfanonin gaba ɗaya, a yi tambaya guda a wajen zagayen bin sunayen, a ajiye amsa a jadawali, sa'an nan a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ana dubawa. Ni a ganina wannan tsanani rahama ce ga mai koyo, domin a na'urar da ba ta da haddi zai iya shekara goma yana wannan almubazzaranci babu wanda ya ankarar da shi.

Kuskure na biyu ya girmi Salesforce nesa ba kusa ba, shi ne mutum ya nemi wani abu daga gurbin da babu kome a cikinsa, kamar ya ce a ƙirga haruffan lambar wayar da ba a taɓa rubutawa ba. Tony Hoare, masani ɗan Ingila, shi ya shigar da alamar "babu" a harshen ALGOL W a 1965, kuma a 2009 ya bayyana a gaban jama'a cewa hasarar da ta jawo za ta kai dala biliyan. Akwai kuma umarnin da yake gyara abin da ya tayar da shi, gyaran ya sake tayar da shi, har tsarin ya katse shi bayan hawa 16.

Sharaɗin da ya fi gwada amanar mutum shi ne na gwaji. Ba a barin rubutun Apex ya fita daga filin gwaji ya shiga inda ake aikin gaske sai an rubuta masa jarrabawar da ta ratsa aƙalla kashi 75 cikin 100 na layukansa. Hikimar a fili take, musamman da yake kamfanin yana sabunta tsarinsa sau 3 a shekara. Amma na'ura layuka take ƙirgawa, ba ta san niyya ba, don haka wasu sukan rubuta jarrabawar da take bi ta kan layukan ba tare da ta tabbatar da sahihancin sakamako ko ɗaya ba. Wannan ha'inci ne, kuma wanda zai gaji aikin shi ake zalunta, domin zai ga shaidar lafiya a kan abin da ba a taɓa bincika ba.

A 2014 kamfanin ya buɗe Trailhead, makarantar kyauta a intanet, wadda ta shigo da mutanen da asalinsu akawu ne ko 'yan talla cikin wannan sana'a. Ya kuma ƙarfafa wani kayan aiki mai suna Flow, inda ake jera akwatuna a haɗa su da layi a maimakon rubutu. Haddodin dai suna nan yadda suke, kuma wanda ya jawo akwatin tambaya ya ajiye shi a cikin zagaye, ko da bai taɓa rubuta harafi ɗaya na Apex ba, a tambaya ta 101 za a tsayar da shi.